Wuƙar Mai Mushe a Ƙyauren Rosina

Laraba, 13 ga Oktoba 1813, ƙarfe biyar na yamma

Sojojin Faransa sun kwashe dankalin da na adana a ramin gindin tuffa, ko na iri ba su bari ba. Wani ƙaramin hafsa har da cire mini hula yana godiya. Na ce masa da harshenmu, Allah ya sa ya tsaya muku a maƙogwaro. Ya yi murmushi ya ƙara godiya.

Ina rubutu ne a bayan littafin da marigayi mijina Christoph yake zana sirdi, don ba ni da abokin magana sai Dorle matar mai burodi, ita kuwa faɗa mata magana daidai yake da buga ƙararrawar coci. Yau ma ta leƙo ta kan shinge.

"Rosina, har yanzu Traugott bai rubuto ba?"

Na ce yana Dresden yana yawon koyon sana'a kamar kowane ɗan baduku, kuma shekara uku ba kwana uku ba ce. Abin da nake faɗa ke nan tun watan Maris. Goɗiyarmu Amsel kuwa na ce sojoji suka ƙwace ta. Kowa ya yarda, don wa ba a ƙwace wa ba?

Takarda ba ta da baki, don haka zan faɗa sau ɗaya. Ɗana ba ya Dresden. Ya hau Amsel ya tafi ya shiga rundunar Furusiya, masu yaƙar Faransawan nan da sarkinmu yake bi. Sirdin da yake kai ni na ɗinka shi, na yi masa layi biyu na jan zare a baya. Shagon nan shi nake riƙe wa. Dokar ƙungiyar dukawa ta yarda matar mamaci ta riƙe shago har ɗanta ya dawo ya zauna a kujerar ubansa. Na ajiye kwanon miyarsa a inda ya bar shi.

Alhamis, 14 ga Oktoba, tsakar rana

Na hau ɗakin sama inda muke shanya fata, na leƙa ta taga. Ban san duniya tana da dawakai haka ba. Tun daga bayan gonakinmu har tudun da ke kan hanyar Leipzig babu inda ake ganin ƙasa. Ga masu sulken ƙarfe a ƙirji, ga masu koriyar riga, ga masu mashi da ƙyalle a baki. Sai su jeru, a busa ƙaho, su taho a hankali, su ƙara sauri, sannan su haɗu su cakuɗe har ba a gane na wa ke saran na wa. Can su rabu, kowa ya koma ya sake jeri, a sake busa ƙaho. Na ƙirga haka sau biyar na daina. A ƙasa basillolina suna tafiya da kansu a kan tebur saboda rawar da gidan yake yi.

Idon baduku ba ya barin halinsa. Mutane suna mutuwa, ni sirdi nake kallo. Wani sirdin ya juye ya koma ƙarƙashin cikin doki, na kama kaina ina zagin wanda ya ɗinka majayin. Daga baya sirdin da babu kowa a kai ya yi yawa, na rufe tagar.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Amsel ta dawo.

Ta san hanya. Ta tura ƙofar baya da ƙirjinta kamar yadda ta saba in ta ji yunwa. A hankali ta shigo, saboda abin da take ja. Igiyar likkafar hagu sai da na yanke ta, ta ƙi kwantuwa daga ƙafarsa.

Ta durƙusa a gindin tuffa, bakin ramin dankali. An sare ta a wuya. Na riƙe kanta a cinyata har ta gama. Jan zaren bai saki ba ko ɗinki ɗaya.

Juma'a, 15 ga Oktoba, da safe

Na wanke abin da ya kamata a wanke. Na fito da farin zanen gadon aurena daga akwati. Ba zan ƙara rubutu a kan wannan ba.

Faransawa suna bi gida-gida, duk inda suka ga rigar Furusiya sai su sa wuta. Na ƙona abin da zan ƙona a murhu, na lulluɓe Amsel da ciyawa. Dorle ta ce ta ji warin ƙona ulu. Na ce siket ɗina ne ya kama wuta. Ta ce, "Allah ya kyauta. Traugott bai rubuto ba?" Na ce bai rubuto ba.

Asabar, 16 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Tun safe igwa take tashi ta kowane gefe. Duk garin sun dunguma ɗakin ƙasa na coci, har da Yaya Gotthelf, wan mijina kuma shugaban ƙungiyarmu, wanda na gani yana gudu rungume da akwatin ƙungiya, matarsa tana baya da yara huɗu. Ni na zauna. Rana tsaka, ba ido ko ɗaya a unguwa, wannan dama ba za ta sake samuwa ba.

Na ƙara wa ramin dankali zurfi har bakinsa ya wuce kaina. Ruwan saman da aka yi ya taimaka. Abin da ya fara shiga ya shiga a hankali, a hannuna. Na zuba ƙasa mai laushi, na tace duwatsun. Amsel kuwa sai da igiya da sandar ƙyaure, ina turawa ina hutawa, har ta mirgina ta kwanta a sama kamar mai gadi. Sirdin na bar mata shi.

Na san doka, ba sai an karanta mini ba. Duk dabbar da ta mutu ba yanka ba ta mai mushe ce, fata da ƙashi. Ɗan sana'ar da ya taɓa ta ya ƙazantu, ba ya ƙara zama cikin ƙungiya. An taɓa korar wani masaƙi a garin nan don ya ja mataccen kare daga ƙofarsa. Abin dariya, fatar da tsoho Veit mai mushe ya feɗe, in ta bi ta hannun majemi ta iso teburinmu, sai ta zama mai tsarki, mu ci abinci da ita. Hannuna duk ya fashe. Ban damu ba.

Lahadi, 17 ga Oktoba, da safe

Shiru yau. Na ɗora kwano biyu a tebur, na mayar da ɗaya.

Talata, 19 ga Oktoba, da yamma

Faransawa sun karye, sun bi ta Leipzig da gudu. Waɗanda suka cire musu hula makon jiya su ne yau a bakin titi suna yi wa sojan Furusiya kirari. Yaya Gotthelf ya ce shi da ma tun farko zuciyarsa tana can. Ga shi yanzu da zan iya faɗa wa kowa inda ɗana ya tafi, a jinjina mini. Dorle ta tambaya, na ce yana Dresden.

Alhamis, 21 ga Oktoba, tsakar rana

Na je ganin ramin da aka haƙa bayan injin niƙa. Gani ya kori ji. Keken doki yana zuwa, ana juye su tsirara, don an riga an tuɓe su tun a fili, har haƙoran gaba an cire wa wasu don sayarwa. Mutum biyu suna jan su ta ƙafa, na uku yana watsa farar ƙasa. Ba fasto, ba suna. An yi shela cewa saboda tsoron zazzaɓi, duk sojan da aka samu, ko a gona ko a gida, ko na wane ɓangare ne, can za a kai shi. Wanda kuma ya kwanta rami ɗaya da mushe, maƙabartar coci ba ta karɓarsa ko da ɗan fasto ne.

Na dawo na dasa kabeji a gindin tuffa, ko da yake lokacin dashi ya wuce.

Asabar, 23 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Na ji sara a ƙyaure. Na buɗe, ga wuƙa a kafe a katako, mai baƙar ƙota, tana rawa. Tsoho Veit yana tsaye taku uku daga dokin ƙofa, inda doka ta ajiye shi, hularsa a hannu.

"Uwargida, an ce goɗiyarki ta dawo ta mutu, kin binne ta."

"Wa ya ce?"

"Mai shinge ɗaya da ke. Ta ga kofato a ƙarƙashin ciyawa."

"Dawakai dubu suna ruɓewa a fili, Veit, sai tawa ta tsone maka ido?"

"Na fili na sarki ne. Na cikin gari nawa ne." Ya mayar da hularsa. "Shekara arba'in ba a gaishe ni a garin nan. A gidan giya kofina daban, kujerata a bayan ƙofa. Abin da aka bar mini ke nan, ba zan bari a binne shi ba. In kin shirya ki aiko, in tone, in cire wuƙata."

Na ce ya jira har tuffa ta haifi dankali.

Wuƙar tana nan. Ba mai cire ta sai shi, kuma ba ya cirewa sai ya ɗauki abinsa. Wani mai keken doki ya kawo linzami gyara, ya hango ta, ya juya kamar ya manta wani abu a gida.

Lahadi, 24 ga Oktoba, bayan coci

Na zauna a bencin dukawa, inda nake zama shekara ashirin da biyu. Matan suka matsa ɗaya bayan ɗaya har benci ya zama nawa ni kaɗai. Na miƙe ƙafa, na ajiye jakata a gefe, na yi waƙa da ƙarfi fiye da kowa. Muryata ba ta da daɗi, na sani, su ma yau sun sani.

Dorle ta tare ni a fita, idonta ja. "Ni fa ban ce kin binne ba, cewa na yi ban san inda ta shiga ba."

Na ce, "Ki gaishe da burodi."

Talata, 26 ga Oktoba, ƙarfe uku na yamma

Yaya Gotthelf ya zo. Ya shigo a karkace don kada rigarsa ta goga wuƙar. Na ba shi kujera, ya share ta da hankici kafin ya zauna.

"Rosina, mun zauna, mun buɗe akwatin ƙungiya, mun cire huluna kamar yadda al'ada ta ce, mun yi magana. Ba wanda ya ga hannunki a kan dabbar. Za mu ce sojoji suka tura ta rami. Veit ya zo ya tone abinsa, ya zare wuƙarsa, magana ta mutu. Na sha wuya kafin su yarda."

"Sannu da wuya, Yaya."

"Mushen doki ne fa. Me za ki yi da shi? Miya?"

"Ni na raine ta tun tana 'yar wata biyu."

"To ni ma na raini kare, da ya mutu ban yi masa kabari ba. Ki tuna shagon nan ba naki ba ne, amana ce. Yaron nan zai dawo daga Dresden ya tarar uwarsa ta sayar da kujerar ubansa a kan goɗiya? Ki tuna da Traugott."

Na ce shi nake tunawa.

Ya ce ranar Laraba ta sama, ƙarfe goma, za su zo da Veit da shebur, ko na yarda ko ban yarda ba. Ba mugun mutum ba ne. Da Christoph ya rasu shi ya tsaya aka bar mini shagon. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alhamis, 28 ga Oktoba, da safe

Ba za su tone ba.

Asabar, 30 ga Oktoba, tsakar rana

Ba aiki. Na shafa wa kayan aiki mai, na sake shafawa. Na wasa wuƙar yankan fata ta Christoph na ajiye ta bayan ƙofar baya, sannan na zauna na yi wa kaina dariya. Mace ɗaya, maza shida. Zan yanki ɗaya, biyar su tone.

Na yi tunanin in faɗa wa fasto. Shi ne ya karanta shelar ramin bayan injin niƙa daga kan mumbari, har ya maimaita ta sau biyu.

Ina jin tsoro. Na rubuta shi, ga shi nan, ba kuma zan sake rubuta shi ba.

Litinin, 1 ga Nuwamba, da yamma

Kabejin ya kama. Ban taɓa ganin dashen Oktoba ya kama ba.

Talata, 2 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ina ɗebo ruwa na ga Veit a bayan shinge yana kallon gindin tuffa. Na ce in ya zo awon fata ne ya bari sai gobe.

"Uwargida, na binne doki ya fi dubu a rayuwata. Na san yawan ƙasar da ramin goɗiya yake fitarwa." Ya nuna tulin da ya ragu a jikin shinge. "Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Taki ta yi yawa."

Guga ya faɗi daga hannuna. Ban sunkuya na ɗauka ba.

"Sati biyu ke nan ni nake tuƙa keken da ke zuwa bayan injin niƙa," in ji shi. "Ba wanda ya yarda ya taɓa su sai mu. Da na san haka da wuƙata ba ta bar kube ba."

"To zare ta."

"Ba dama. Maigida Gotthelf ya sa ido, ƙungiya ta shiga maganar. In na zare ban tone ba, su za su tone su ga dalili." Ya sosa gemu. "Amma mu ma muna da tamu dokar, ku dai ba ku taɓa tambaya ba. Duk wanda ya zare wuƙar mai mushe da hannunsa, ya zama namu. Mu kuwa ba ma tone wa juna rami. Abin da ɗan sana'armu ya binne a gidansa nasa ne, ko alƙali ba ya shiga."

"Shagon fa?"

"Babu shago. Babu benci a coci. Kofinki daban. Kuma ba a komawa, Uwargida, ko jikanki ba zai koma ba."

Na ce wannan ba zai dame ni ba. Ya sunkuyar da kai, ya tafi.

Laraba, 3 ga Nuwamba, tsakar rana

Sun zo ƙarfe goma daidai, da baƙaƙen rigunansu na taro, Veit yana baya da shebur biyu. Rabin unguwa ta fito kallo. Dorle ta kawo har kujera.

Na fito da rigata ta Lahadi. Yaya Gotthelf ya fara jawabi a kan mutuncin sana'a tun zamanin kakanni. Na bar shi ya kai tsakiya, sannan na naɗe hannun riga na kama ƙotar. Ta shiga katakon sosai, sai da na sa ƙafa a ƙyaure.

"Rosina, kada ki yi," in ji shi, muryarsa ta sauka. "Don Allah. Shagon Traugott ne."

"Traugott ba ya bukatar shago, Yaya."

Wuƙar ta fito. Wata mata ta ja ɗanta baya.

Ya tsaya yana kallona. Ya kalli ƙofar baya da ke buɗe, inda ake hango tuffa da kabeji. Shi ya riƙe yaron ranar da aka yi masa baftisma. Na ga leɓensa yana motsi, na ga ya gane, na kuma ga ya haɗiye. Wannan zan riƙe masa har in mutu.

Veit ya ajiye shebur ya ce, "Gidan 'yar sana'armu ne yanzu. Ni ba na tonewa." Wani matashin baduku ya ce shi zai tone. Yaya Gotthelf ya juyo ya ce, "Ka taɓa shebur ɗin mai mushe ka gani in za ka kwana cikin ƙungiya." Ya cire hularsa, ba a buɗe akwati ba, ba a kuma gaban coci ba. Sannan ya mayar ya wuce, suka bi shi.

Juma'a, 5 ga Nuwamba, da safe

Sun sauke allon sirdi daga saman ƙofa, sun kwashe kayan aikin Christoph. Basilla ɗaya na ɓoye a gashina. Dorle ta ajiye burodi a kan shinge ta gudu. Na ci.

Lahadi, 7 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Veit ya zo karɓar wuƙarsa. Ya tsaya taku uku daga ƙofa, na ce, "Baba Veit, wa kake wa wannan tsayuwar? Shigo, miya tana hucewa." Ya waiga ya ga ko da wani Veit a bayansa.

Kwano biyu gare ni a gidan nan. Na sauko da na biyun, na zuba masa miyar kabeji. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya ga harafin da aka sassaƙa a gindi da bakin wuƙa, aikin yaro ɗan shekara tara. Ya ce, "Wannan ba nawa ba ne." Na ce ya ci. Muka ci tare. Da ya tafi na wanke kwanon, sai kukan da na riƙe kwana ashirin da huɗu ya zo, na zauna a ƙasan kicin na yi shi har ya ƙare.

Yanzu zan rubuta, tunda ba dutsen da za a rubuta a kai. Traugott Petzold, ɗan Christoph baduku, shekara goma sha tara. Ba ya Dresden. Yana gindin tuffa cikin farin zanen uwarsa, da haƙoransa duka, goɗiyarsa tana kansa. Sau ɗaya aka ja shi ta ƙafa, ba za a ƙara ba.